Jijiyar jini mai danne tushen ƙwaƙwalwa: ita ke kawo hawan jini, kuma tiyata na raba mutum da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekarunsa 58, muna zaune a Anguwar Rogo, Jos. Ya fi shekara 10 da hawan jini, yana shan magani kala uku amma awo ba ya sauka ƙasa da 165/100. Tun bara gefen fuskarsa na hagu ke fizga, daga ido har ya sauko baki. An yi masa hoton MRI a Abuja, sakamakon ya ce wata jijiyar jini ta lanƙwaso tana danne jijiyar fuska, tana kuma taɓa madula, wato tushen ƙwaƙwalwa, ta gefen hagu. Wani ya ce mana dannewar nan ce asalin hawan jinin, in aka yi aiki a waje zai rabu da magani gaba ɗaya. Gaskiya ne? Mu fara haɗa kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Wanda ya gaya muku maganar nan ba ƙirƙirarta ya yi ba, tana da asali a ilimin likitanci, sai dai ya ja ta ya wuce inda hujja ta tsaya. Abubuwa biyu ne a hoton Baba, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Fizgar fuska, kusan tabbas dannewar ce ke jawo ta, tiyata kuma tana maganinta a mafi yawan mutane. Hawan jini kuwa, har yau ba a tabbatar dannewar na haddasa shi ba, kuma ƙa'idojin maganin hawan jini na Turai da Amurka da na Hukumar Lafiya ta Duniya ba su sa wannan aiki cikin abin da ake yi wa mai hawan jini ba. Kada ku sayar da fili saboda alƙawarin zai daina shan magani.

Ga yadda wurin yake. A ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta sirance ta zama laka, akwai madula. A gefenta na gaba akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da likitoci ke taƙaita sunansa da RVLM. Daga nan ne umarni ke sauka ta cikin laka, ya bi jijiyoyin zaburarwa, ya isa zuciya da ƙoda da bangon jijiyoyin jini. In gungun ya ƙara aiki, jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, awo ya hau. Ba kara zube yake aiki ba: akwai ma'aunai a jijiyoyin jinin wuya da kuma babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, suna jin yadda bango ke miƙewa da kowane bugu, su aika labari ta jijiyoyin saƙo na 9 da na 10 zuwa madula, a taka wa gungun birki. Shi ya sa mutum ke miƙewa daga kwance ba tare da ya faɗi ba.

Jijiyoyin nan na 9 da na 10 suna shiga madula ne daf da gungun, jijiyar fuska kuma, ta 7, tana fitowa kaɗan sama da su, tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba. Ta wannan ɗan lungu ne manyan jijiyoyin jinin ƙeya ke wucewa: wadda ta hauro ta cikin ƙashin wuya, da rassan da ke shayar da ƙaramar ƙwaƙwalwa, waɗanda za ku gani a takardar hoto da sunan PICA da AICA. Don haka ba abin mamaki ba ne lanƙwasa guda ta taɓa jijiyar fuska ta kuma taɓa madula.

A ɓangaren fuska lamarin a fili yake. Zuciya na bugawa kimanin sau 100,000 a rana, kowane bugu kuma jijiyar jinin na dukan jijiyar fuska a daidai inda ta fito, inda rigar kitsen da ke lulluɓe da ita ta fi rauni. Rigar ta goge, saƙo ya riƙa tsallakawa daga zare zuwa zare, naman fuska ya riƙa motsi ba da izinin mai shi ba. Yakan fara daga fatar ido ta ƙasa, a hankali ya sauko kunci da gefen baki, kamar yadda kuka bayyana, kuma ba ya tsayawa ko cikin barci. Irin wannan dannewa a jijiya ta 5, mai kai saƙon jin taɓi daga fuska, ita ke kawo ciwon fuskar nan mai fizga kamar lantarki, wanda mutane da yawa ke cire haƙora a kansa a banza. Likita Walter Dandy ya lura da hakan tun shekarun 1930, amma Peter Jannetta, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da ya yi fice a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, shi ya mayar da ɗage jijiyar jinin aiki sananne tun daga shekarun 1960.

Jannetta ɗin ne kuma ya kawo maganar hawan jini. A 1985 ya buga rahoton masu hawan jini 53 da ya buɗe wa ƙeyar hagu saboda ciwon fuska ko fizgarta. A 51 daga cikinsu ya ga jijiyar jini na danne gefen madula na hagu. Ya ɗage ta a mutum 42, jinin 32 ya daidaita, na 4 ya yi sauƙi. Shi da abokan aikinsa suka kuma gwada a jikin gwaggon biri: suka sa ɗan balan-balan mai bugawa tare da zuciya a daidai wurin, jinin dabbar ya hau. Daga baya masu bincike a Erlangen ta Jamus suka ɗauki zancen. A 1994 suka nuna da hoton MRI cewa taɓawar ta fi yawa nesa ba kusa ba a masu hawan jinin da ba a san dalilinsa ba, a 1998 kuma suka yi wa mutum 8 masu hawan jini mai tsanani aikin, jinin mafi yawansu ya sauka cikin watannin farko.

In aka tsaya a nan, sai a ce magana ta ƙare. Abin da ya biyo baya ne ya sanyaya gwiwar likitoci.

Na farko, da aka ci gaba da bibiyar waɗanda aka yi wa aikin a Jamus, rahoton 2009 ya nuna sauƙin na ɗan lokaci ne a wurin da yawansu, jinin ya sake hawa. Na biyu, da aka tattara binciken hotuna wuri guda a 2012, an ga taɓawar ta fi yawa a masu hawan jini, amma da aka ware binciken da aka tsara tun farko da kyau, bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Dalilin a bayyane yake: mai karanta hoto in ya san mutum na da hawan jini, idonsa na saurin ganin dannewa. Ga shi kuma mutane masu lafiyayyen jini da yawa jijiyarsu na kwance a kan madula, ba ta yi musu komai ba. Har yau ba a yi babban gwajin da za a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa wasu aiki a bar wasu a kan magani, a gani a ƙasa ba. Shi kuwa wanda aka yi wa tiyata, ciwonsa ya tafi, hankalinsa ya kwanta, yana gadon asibiti ana ba shi magani a kan lokaci da abinci marar gishiri, jininsa na iya sauka ko ba a taɓa madula ba.

Abin da ni nake ganin ya fi duk waɗannan nauyi shi ne tambayar wane ne ya riga wani. Jijiyar jinin da ta shekara goma tana ɗaukar matsi mai yawa tana ƙara tsawo da kauri, ta yi kwana-kwana, kamar tiyon ban-ruwa da aka sake wa famfo da ƙarfi ya shiga murɗewa. Tsufa ma na yin haka. A mutum irin Baba, wanda hawan jininsa ya girmi fizgar fuskar da kusan shekara 9, ya fi kusa da hankali a ce hawan jinin ne ya lanƙwasa jijiyar har ta kai ga fuska, ba lanƙwasar ce ta haifi hawan jinin ba. Mai yiwuwa ne bayan ta lanƙwasa ta ƙara rura wutar, wannan ba a kore shi ba. Amma ɗage ta ba zai gyara ƙodar da ta saba riƙe gishiri ba, ba kuma zai tausasa jijiyoyin da suka riga suka yi tauri a duk jiki ba.

Akwai wani dangi a Turkiyya da ya koya wa masana darasi a kan wannan. Tun 1973 likita Bilginturan ya bayyana su: gajerun yatsu, hawan jini mai tsanani da ke bin gado, da yawansu shanyewar ɓarin jiki na kashe su kafin shekara 50. Da aka ɗauki hotonsu a shekarun 1990, sai aka ga masu ciwon suna da lanƙwasar jijiya a kan madula, aka ɗauka an kama ɓarawo. A 2015 aka gano asalin abin canji ne a ƙwayar gado mai suna PDE3A, wadda ke sa naman bangon jijiyoyin jini ya yi kauri ya tsuke.

Ku koma ga takardar hoton ku duba abu biyu. Shin ta ce jijiyar tana taɓa madula ne kawai, ko ta lotsa ta har ta canja mata siffa? Taɓawa kaɗai ba ta da wani nauyi. Sannan da wace na'ura aka ɗauka? Wannan lungu sai na'ura mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, da yanka siriri da bai kai milimita 1 ba, ta salon da ake kira CISS ko FIESTA, haɗe da hoton jijiyoyin jini. Ƙananan na'urori masu tesla 0.2 zuwa 0.35, waɗanda har yanzu ake samu a wasu cibiyoyin ƙasar nan, suna iya nuna ƙari ko tabon shanyewar jiki, amma ba a yanke hukuncin tiyata irin wannan da su. Ku karɓi faifan hoton kansa, ba takardar kaɗai ba, don likitan tiyata zai so ya gani da idonsa.

Aikin kansa, ga yadda ake yi. Ana sa mutum barci gaba ɗaya, a kwantar da shi ta gefe, a tsaga bayan kunne, a buɗe ƙashi faɗin kamar santimita 3. A buɗe rigar ƙwaƙwalwa, a zuƙe ɗan ruwanta don ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ba da hanya, sannan da madubin tiyata a bi har inda jijiyar ta fito. A ɗage jijiyar jinin a hankali, a cusa 'yar audugar Teflon tsakani, ko a ɗaure ta gefe. Awa 2 zuwa 3 ne, kwanciya asibiti 'yan kwanaki. Ga fizgar fuska, kimanin mutum 9 cikin 10 na rabuwa da ita, ko da yake wasu sai bayan watanni take lafawa gaba ɗaya. Haɗari mai ɗorewa da ya fi yawa shi ne kurumcewar kunnen gefen, kimanin mutum 2 cikin 100, saboda jijiyar ji tana manne da ta fuska, ja kaɗan ya ishe ta. Akwai raunin fuska, yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta wurin ɗinki ko ta hanci, da sanƙarau. In aka gangara ƙasa don a taɓa wurin jijiyoyi na 9 da na 10, wato inda maganar hawan jini take, sai a ƙara haɗarin disashewar murya da sarƙewa wajen haɗiya, ga ƙananan rassan da ke shayar da madula kanta, waɗanda in ɗaya ya tsinke shanyewar jiki ce. Mutuwa ba ta cika faruwa ba, amma ba a ce babu ba. Wannan kasada ta dace da wanda fizga ta hana shi karatu ko tuƙi ko shiga mutane. Ba ta dace da cinikin "wataƙila jini ya sauka" ba.

Kafin tiyata ma akwai allurar Botox, wadda ake yi a naman da ke fizga a wurare kaɗan kewayen ido da kunci. Tana aiki wata 3 zuwa 4 sai a sake, illarta mafi yawa saukar fatar ido ko ɗan karkacewar baki na makonni. Ga dattijon da jininsa bai daidaita ba, da ita ya kamata a fara.

Yanzu ga inda nake so ku sa ƙarfinku, don a nan ne rayuwar Baba take. Mutumin da ke kan magani uku jininsa na 165/100, kafin a ɗora laifi a kan madula akwai tambayoyin da suka fi ta kusa.

Awon kansa daidai ne? Ku samu na'ura ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, madaurinta kuma ya dace da kaurin hannunsa, domin ƙaramin madauri a babban dantse na ƙara lamba. Ya yi fitsari, ya zauna minti 5 bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, babu magana, babu goro ko shayi mai ƙarfi ko sigari minti 30 kafin nan. Awo biyu da safe kafin magani, biyu da yamma, minti 1 tsakani, kwana 7. Ku zubar da na ranar farko ku fitar da matsakaicin sauran. In ya kai 135/85 ko ya wuce, jinin bai daidaita ba da gaske. A lura kuma sanyi na tsuke jijiyoyin jini, don haka awon asubahin Disamba a Jos kan fi na watan Maris. Ya ɗumama jikinsa kafin a auna.

Waɗanne magunguna ukun ne, kuma nawa? Ba a kiran hawan jini mai taurin kai sai mutum na kan kala uku da suka dace da juna, a cikakken ƙarfi, ɗaya daga ciki mai sa fitsari. Yawanci amlodipine 10mg, da irin su lisinopril ko losartan ko telmisartan, da hydrochlorothiazide ko indapamide ko chlorthalidone. Binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, wanda aka buga a 2019 a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka 6, ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. Sau da yawa za ka tarar "kala ukun" ɗaya asfirin ne, ɗaya na kitse, na hawan jini guda ɗaya tak. Ko kuma ana sha sai in kai ya yi ciwo, ko ana tsallake mai sa fitsari ranar tafiya da ranar Juma'a saboda alwala. A tambayi Baba cikin ladabi, ba a gaban jama'a ba, za a ji gaskiya.

Me yake sha bayan su? A nan akwai tarko da ya shafe ku kai tsaye. Ana yawan rubuta wa mai fizgar fuska carbamazepine, alhali amfaninsa a fizga kaɗan ne, a ciwon jijiya ta 5 ne yake aiki sosai. Shi kuwa maganin nan yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da amlodipine da nifedipine da sauri, ƙarfinsu ya ragu ƙwarai. In an haɗa shi da mai sa fitsari kuma yana iya sauke gishirin jini har dattijo ya rikice. In Baba na shan sa, ku gaya wa likitan zuciyarsa, amma kada ku tsayar da shi dare ɗaya da kanku. Sai magungunan ciwon jiki na kemis, diclofenac da ibuprofen da piroxicam, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda, waɗanda galibi akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, da maganin mura mai buɗe hanci, da lemun ƙara kuzari. Duk suna ɗaga jini. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya, da yajin tsire, da kilishi, da garin ɗanɗanon taliyar leda, da kanwa, wadda ita ma sodiyam ce.

Sannan a nemi dalilan da aka san suna haddasa hawan jini, ana kuma iya magance su. Gwajin ƙoda na jini da na fitsari don ganin furotin, sukari, da sinadarin fotashiyam. In fotashiyam ya yi ƙasa, ko ma bai yi ba tunda jinin ya ƙi sauka, a auna aldosterone da renin, sinadaran jiki masu daidaita gishiri da ruwa, domin yawan aldosterone na cikin dalilan da aka fi tsallakewa. A tambayi Hajiya ko Baba yana minshari mai ƙarfi yana ɗauke numfashi cikin barci, da rana yana gyangyaɗi. Wannan ɗaukewar numfashi na zaburar da gungun nan na madula kowane dare, kuma hujjar da ke kanta ta fi ta lanƙwasar jijiya ƙarfi nesa. In yana samun farmakin bugun zuciya da zufa da ciwon kai lokaci guda, a duba ƙarin da ke fitowa a kan halittar da ke saman ƙoda.

In duk an bi wannan jinin bai sauka ba, magani na huɗu da ya fi cin nasara shi ne spironolactone 25mg, kamar yadda binciken PATHWAY-2 na Birtaniya ya nuna a 2015, da sharaɗin ƙoda na da ƙarfi kuma a sake auna fotashiyam cikin mako 1 zuwa 2, musamman ga mai shan lisinopril ko losartan. Ko da ma a ce madular ce ke da hannu, akwai magungunan da ke rage umarnin zaburarwa daga tushen ƙwaƙwalwa ba tare da wuƙa ba: moxonidine, clonidine, da methyldopa da aka fi sani da Aldomet. Suna sa barci da bushewar baki, clonidine kuma in aka yanke shi kwatsam jini na iya tashi fiye da da.

Wannan duk aikin asibitin zuciya ne ko na ƙoda, kuma ba sai an fita waje ba: akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Ku je da kwalayen duk abin da yake sha, har na gargajiya, da takardar awon kwana 7, da faifan hoton. In daga baya fizgar ta dame shi har ya zaɓi tiyata, babu likitan kirki da zai buɗe ƙeyarsa jini na 165/100, don haka gyaran jinin ne mataki na farko ko ta wace hanya aka bi. Ku tambayi mai aikin sau nawa yake yin irinsa a shekara, da ko yana sa na'urar lura da jijiyar ji yayin aikin. Bayan aiki a ci gaba da magani da awo, in jinin ya sauka likita ya rage a hankali.

Kafin nan, in awo ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko gani ya dushe, asibiti za a nufa nan take. Haka in baki ya karkace ya tsaya a karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta harɗe. Kada a ce ai fizgar nan ce da ya saba: ita fizga tana ja ta saki, shanyewar jiki kuwa gefen fuskar zubewa yake yi ya ƙi motsi.